Sitiyarin Baba Direba

In aka ce in zaɓi ranar da ba za ta taɓa fita raina ba a duk shekarun da na yi ina walda a Wurno, to ranar da aka dawo mini da aikina a bayan motar albasa ce. Ni Sani, da mutane ke tasowa tun daga Rabah da Marnona su zo su jira ni, a ce an dawo mini da aiki! Abin da ya fi ɗaure mini kai kuma, tare da yabo aka dawo da shi.

Bari in ɗan bayyana aikin, saboda ku da kuka shigo sana'ar kwanan nan. Ban da ƙofofi da tagogi, abin da aka fi sanina da shi shi ne mashin mai ƙafa uku, wanda muke haɗa wa mutanen da ƙafa ta gaza musu. Ana sayo mashin marar kuloci, irin wanda ake kira roba-roba. Sai mu cire tayar baya, mu haɗa firam da bututun ƙarfe, mu sa tayoyi biyu, mu ɗora kujera mai majingini. Wajen sifirin ne, wato ƙarfen da ke ɗauke da nauyi yana rage jijjiga, ake gane gwani. Ni ba na taɓa na zamani, wanda rami ɗaya a hanyar Kwargaba ya isa ya lanƙwasa shi. Tsofaffin motoci nake bi, irin waɗanda suka mutu a bayan gidaje har kaji na ƙwai a ciki, in ciro sifirinsu in yanke daidai. Ka'idar da na koya wurin maigidana kuma ita ce, kafin a yanka komai sai an ga mai hawa, an zaunar da shi, an auna ƙafarsa da bayansa.

Bayan ɗaukewar damina ne, lokacin da mutane suka fara dashen albasa, Malam Nasiru ya zo shagona. Malamin gona ne a nan Wurno, mutum mai sanyin hali, irin wanda ko kaza ya taka sai ya ba ta haƙuri. Ya ce mashin yake so in haɗa wa surukinsa, Alhaji Mamman, wanda duk yankin Goronyo suka sani da Baba Direba. Tsohon ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan a-kori-kura daga Kagara zuwa kasuwanni, yana ɗaukar mutane da buhuna da awaki. Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Tun da aka sallamo shi daga asibiti bai sake wuce zaurensa ba, ba masallaci, ba kasuwa, ba fadama. Likita ya gaya musu in ya ci gaba da wannan zama, zaman ne zai ƙarasa shi, ba ciwon ba. Matar Malam Nasiru kuwa kullum cikin kuka take.

Na ce, "Ya jikin nai yanzu?"

Ya ce, "Da sauƙi."

"Mi ciwon yat taɓa?"

"Ƙahwa ta, shina jan ta. Amma da sauƙi ƙwarai."

Na ce to sai mu sa rana mu tafi in auna shi. Malam Nasiru ya zaro ido kamar na ce ya je ya mari liman.

"Malam Sani, surukina na hwa! In tahi da kai ka sa mai awo a jiki gabana? Ni ko hannu ban taɓa ba shi ba. Daga bakin zaure nika durƙusawa, in gaishe shi, in tashi."

"To uwargida ta tambayo muna."

"Ɗiyar hwari ta. Ko sunanta ba shi hwaɗi." Ya miƙe tsaye ya gyara riga. "Tsawonmu ɗaya da shi. Auna ni."

Na yi dariya na auna shi. Ni ma ina da surukai, na san yadda ƙafa ke sanyi a ƙofar gidansu, don haka ban ga abin musu ba.

Na zauna na yi aikin da har yau nake alfahari da shi. Na shafa masa koren fenti, na sa kushin mai taushi, na cika tanki. Malam Nasiru ya ba Isiya, direban motar albasa da ke zirga-zirga tsakaninmu da Goronyo, ya kai wa tsohon. Shi kansa bai bi ba, wai kada a ce ya je karɓar godiya.

Ba a yi mako ba, ina cikin yankan ƙarfe da hantsi, sai ga motar Isiya ta tsaya a ƙofar shago. Aka sauke mashin ɗina yana warin albasa. Ko ƙwarzane babu, man da na zuba yana nan yadda yake. A kan kujera kuma an ɗaure wani tsohon sitiyarin mota da igiya, baƙi, ya sha hannu har yana sheƙi.

Na ce, "Isiya, mi yah hwaru?"

"Baba ya ce a gode. Ya ce aiki ya yi kyau ƙwarai, Allah shi yi albarka."

"To in ya yi kyau, don mi anka maido shi?"

"Ni dai abin da anka ce in hwaɗa ke nan."

"Wanga sitiyari hwa?"

"Cewa yay yi in kawo ma mai walda."

Ya hau motarsa ya bar ni tsaye da baki buɗe. Na duba inji, lafiya. Na duba burki, lafiya. Na hau na zagaya tasha, na shiga ramuka da gangan, ko ƙara bai yi ba. Sai na aika aka kira Malam Nasiru. Ya iso yana gumi, ya zagaya mashin ɗin, ya ɗaga sitiyarin ya juya shi, sannan ya ce yana jin ya gane. Baba kewar motarsa yake yi, so yake a maƙala masa wani abu nata a jikin mashin ɗin don ya riƙa gani yana jin daɗi. Maganar ta shige ni. Na goge sitiyarin da mai, na ɗaure shi da noti a bayan majingini, yadda ake rataye tayar ko-ta-kwana. Har na ja masa ɗan jan layi a gefe don ya ƙara fitowa. Muka sake ba Isiya.

Ranar kasuwa ta gaba, sai ga shi ya dawo. An kwance sitiyarin daga inda na kafa shi, an mayar da shi kan kujera, notocin an ƙulle mini su a ƙyalle don kada su ɓace. Kusa da shi kuma ga wani buhu. Na zazzage, sai ga fedojin mota, na totur da na burki da na kuloci, robarsu ta cinye har ƙarfe ya fito.

Isiya bai jira na tambaya ba. "Baba ya ce wanga karon ma ya hi kyau. Ya ce hannunka na da albarka."

Wallahi ji na yi kamar in zauna a ƙasa. Da zagina aka aiko da shi, da na san inda zan kama. Amma mutum ya yabe ka ya dawo maka da kayanka, ya ƙara yabonka ya sake dawo da su, ta ina za ka fara gyara?

Kafin azahar shagona ya zama majalisa. Abokina Ɗanjuma, makanike daga Rabah, ya zo sayen ƙarfe ya tarar da zancen, ya kuwa samu abin yi.

"Tukuici na, Sani. Tsoho ba shi da abin ba ka sai ƙarhe. Ka dai yi haƙuri, kahin Sallah motar dut ta iso, ka haɗa abarka ka hau."

Mai shayin da ke gefenmu ya ce a'a, irin wannan ciwo yana taɓa kai, ƙila tsohon ya ɗauka shagona gareji ne. Wani ɗan kabu-kabu ya ce shi dai a ganinsa baƙar magana ce, ana nuna mini aikina da gwangwan duk ɗaya. Wannan ta ƙona mini rai, na kore shi. Amma fassarar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta Malam Nasiru. Ya zo da la'asar, ya kalli fedojin, ya zauna a kan benci ya riƙe kai.

"Na yi ɓarna, Malam Sani. Na aika ma dattijo da keken guragu. Hushi yay yi, kunya ta hana shi hwaɗi."

"To mai hushi shina aiko da kyauta?"

"Ban sani ba. Ni dai uwargida ta samu labari ko abinci ba shi ci sosai yanzu."

Na rufe mashin ɗin da tamfol na tura shi lungu. Kwanaki ina aikin ƙofofi, amma hankalina yana ƙarƙashin tamfol ɗin nan. Har wata taga na haɗa a juye, sai da mai ita ya nuna mini. Ban gama yanke shawarar abin da zan yi ba, kuma ban aika da komai ba, sai ga Isiya ya sake tsayawa. Wannan karon dogon ƙarfen sitiyari ya sauke, tare da akwatinsa mai nauyi da ke juya tayoyi, baƙin mai yana ɗiga.

"Yau mi anka ce?"

"A gaishe da mai walda." Ya ɗan tsaya, ya sassauta murya. "Amma Malam Sani, tsohon ga ya rame hwa. Na ishe shi zaune shina kallon hanya."

Ban ƙara tambayar kowa ba. Na rufe shago, na ɗora mashin da tarkacen duka a bayan motar, na shiga gaba kusa da Isiya. Malam Nasiru ma ban gaya masa ba, don na san hana ni zai yi.

Mun isa Kagara rana ta take. Gidan yana bakin hanya, da zaure babba, a gefensa kuma ga a-kori-kurar nan a ƙarƙashin dogonyaro, an ɗora ta a kan duwatsu, ƙofar direba a buɗe. An shimfiɗa tabarma kusa da ita, da sifanu a jere. Na yi sallama na shiga zaure. Baba Direba yana zaune a kan kujera cikin babbar riga, dogo, gemunsa fari fat. Na durƙusa na miƙa masa hannu bibbiyu, yadda ake yi wa manya.

Ya daɗe yana kallon hannuna. Har na fara tunanin ko maganar Malam Nasiru ce gaskiya, fushi ake yi. Sai na ga ya cusa hannun hagu cikin hannun rigarsa ta dama, ya kamo wuyan hannun, ya jawo shi waje, ya ɗora mini a tafi. Hannun yana da sanyi da nauyi, yatsun a naɗe, ba motsi.

Tausayi ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni. Ku da kuka san mashin kun riga kun gane. Totur yana hannun dama. Burkin gaba yana hannun dama. Burkin ƙafa yana ƙafar dama, wadda yake ja. Duk abin da ke tayar da mashin da abin da ke tsayar da shi a dama yake. Na ƙera wa mutum abin hawan da ba zai iya tayarwa ba, in kuma wani ya tayar masa ba zai iya tsayarwa ba.

Ya ce, "Kai na mai walda?"

"Ni na, Baba."

"Aikinka ya yi kyau."

"Baba, don Allah a bar hwaɗin haka nan. Kaina ya gama juyewa."

Ya yi dariya da gefen baki ɗaya. "Ai gaskiya nih hwaɗa, ya yi kyau. Ka ji na ce na iya hawa?"

"To don mi ba a aiko an hwaɗa muna ba?"

"In aika ma wa? Malamin ga na Wurno ya yi mani abin da ɗiyan cikina ba su yi ba. In aika in ce kyautatai ba ta yi ba? Ko in kira waccan in yi mata ƙorahi ta kai ma mijinta?" Ya mayar da hannun cikin riga. "Cewa niy yi, wanda yas san ƙarhe in ya ga sitiyari ya ji magana. Ashe kai ado kay yi da shi. Har da jan layi."

Isiya ya fita waje da sauri don kada dariya ta ƙwace masa a gaban tsoho.

Na tambayi wanda ke kwance masa kayan motar, tunda ban ga makanike a kusa ba. Kafin ya amsa, muryar wata tsohuwa ta fito daga bayan ƙofar cikin gida. Matarsa ce, Inna.

"Wa ka kwancewa in ba shi ba? Kullum da sahe shina jana gindin motag ga, in riƙe mai sifana shina murɗawa da hagu. Ka zo ka raba ni da wahala, ɗana."

Daga baya na ji cewa matar Malam Nasiru ta san hannun ne tun ranar farko. Ba wanda ya tambaye ta wane ɓari ne, ita kuma ba ta san aikin da hannun dama ke yi a kan mashin ba.

Tsohon ya dogara sanda muka fita wajen motar, ya shiga yi mini bayani kamar yana koyar da ɗan koyo. Sitiyari hannu ɗaya ya ishe shi, in dai akwatinsa na nan yana rage nauyi. Fedar totur da ta burki a jera su gefen hagu, ƙafa ɗaya ta riƙa taka su. Giya a yi mata doguwar sanda kusa da gwiwa. Maɓallin tayarwa a dawo da shi hagu. Na ce masa gaskiya ni ban taɓa haɗa sitiyarin mota da ƙafar mashin ba, ban ma san ko zai yiwu ba.

Ya ce, "Ni ma ban taɓa shanyewa ba sai bara."

Sai na yi ƙarfin hali na tambaye shi, tunda yana iya takowa har gindin bishiya, me ya hana shi lallaɓawa masallaci da sanda.

"Kowa kag gamu da shi hannu shika miƙowa. In ba da hagu? Ko in tsaya gaban jama'a ina cicciɓo wanga kamar mataccen kihi?"

Nan kaina ya sake ɗaurewa. In hannun ne ya tsare shi a gida, ai ko jirgi na ƙera masa mutane ba za su daina miƙo hannu ba. Sai na ga kamar duk wahalar banza za mu sha. Amma ban faɗa ba, don na lura wannan tsoho ba ya kwance noti sai da dalili.

Na koma Wurno na kwaso injin walda da janareto, na tare a gindin dogonyaron nan. Aiki ne na gwaji da kuskure. Karon farko da na haɗa, in an juya sitiyari dama sai tayar ta yi hagu, Baba ya ce to wannan sai dai in za a gudu daga gida. Na kwance na juya ƙarfen. Wayar totur ta yi gajarta, na ƙara da ta kulocin motar. Abin da ya fito daga ƙarshe ba mashin ba ne, ba kuma mota ba. Ɗanjuma da ya biyo don ya yi mini tsiya, zagayawa kawai ya yi ta yi yana taɓa walda.

Ina tattara kaya sai tsohon ya ce saura abu ɗaya, in ciro hon ɗin motar in sa.

"Baba, ai mashin na da hon."

"Wancan kukan ɗan akuya na. Ciro nawa."

Hon ɗin ya yi tsatsa, kuma sai da na ƙara batir babba kafin ya yi magana. Ban ga amfanin wahalar ba, na dai yi don a rabu lafiya.

Ranar Juma'a aka sa za a gwada. Na aika wa Malam Nasiru, ya zo, amma ya ƙi matsowa, ya rakuɓe can jikin katanga kansa a ƙasa. Baba ya fito da farar riga, muka taimaka masa ya zauna. Ya ɗauki hannun dama ya kwantar a cinya, ya ja riga ya rufe. Ya danna maɓalli, ya tura giya, ya taka totur a hankali. Na bi shi a baya da ƙafa.

Da ya doshi kwanar masallaci, dattawan da ke zaune a inuwa suka hango shi, suka fara miƙewa suna gyara riguna, wasu har sun fara fito da hannu. Na ce a raina yanzu za a yi ta. Sai ya danna hon. Wata irin tsohuwar murya ce mai kauri, ya ja ta dogo ya sake ja. Wani tsoho ya ɗaga murya, "Direba! Direba ya hito!" Nan take hannayen da aka fito da su suka tashi sama, ana ɗaga masa, ana jinjina, yadda aka saba gaishe shi shekara da shekaru in ya wuce da lodi. Shi kuma yana amsawa da hon yana gyaɗa kai. Ba wanda ke neman hannun direba yana kan tuƙi. Kafin ya tsaya an gama gaisawa, aka kewaye abin hawan ana kallon sitiyari, wani abokinsa ya kama kafaɗarsa suka shiga sahu. Sai a lokacin na gane abin da ya sa ya nace a kan hon ɗin, na tsaya a bakin hanya ina share ido da hula.

Bayan an sauko muka dawo. Malam Nasiru ya riga mu isa, ya sake durƙusawa a inda yake. Tsohon ya zo daidai shi, ko kallonsa bai yi ba, ya dai taɓa hon sau ɗaya, gajere, ya wuce gindin bishiya. Malam Nasiru ya lallaɓo wurina.

"Malam Sani, mi ke nan? Kowa an ja mai dogo, ni guntu. Har yanzu hushin na?"

Na ce, "Wallahi Malam, ni na tuba da hwassara Baba."

Sai muryar Inna ta fito daga bayan ƙofa. "Dogon na mutanen hanya na. Guntun ga kau na gida na, shi shika yi in ya iso, don iyalinai su san ya komo."

Malam Nasiru ya juya ya fuskanci katanga, ya daɗe a haka.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne, mutanenmu ba sa ƙarya in sun ce da sauƙi, ba sa ƙarya in sun ce ya yi kyau, amma ba a yanka ƙarfe da waɗannan kalmomi. Wanda ya kawo maka aiki sau da yawa kunya ta hana shi ganin abin da kai ya kamata ka gani, kai kuwa da ba surukin gidan ba ne, an buɗe maka zaure. Har yau Baba Direba yana zuwa fadamarsa da kansa, ana jin hon ɗinsa tun daga nesa. Ni kuma tun daga ranar, ko wa ya kawo mini aiki, ba na kunna inji sai na je na gaisa da mai hawa hannu da hannu.